Koyon Dabarun Kasuwanci Kafin Karɓar Jari: Sharhi Kan Makomar Ƙananan Sana'o'i a Wurno da Rabah da Goronyo

Babu shakka duk wanda ya san yankin gabashin Jihar Sakkwato zai yarda da mu cewa Allah Ya hore wa ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo arzikin da yankuna da dama na ƙasar nan suke nema ruwa a jallo. Akwai fadama mai albarka, akwai ruwan gulbin Rima rani da damina, akwai dabbobi, sannan akwai jama'a masu ƙwazo waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna yawansu ya kusa 500,000, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. Amma duk da haka, kowace shekara da zarar an kawar da amfanin gona, motoci kan cika da matasanmu zuwa cin rani a Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, inda da yawansu kan ƙare a dako da tura baro da sayar da albasar da aka noma a gonakin iyayensu.

Wannan al'amari ne ya sa batun koyar da sana'o'i da dabarun kasuwanci ya zama abin tattaunawa a majalisun gwamnati da na gargajiya. Tambayar da muke son dubawa a wannan sharhi ita ce: me mutumin karkara yake bukatar ya sani kafin ya kafa sabuwar sana'a, kuma me ya sa jarin da ake rabawa yakan narke a hannun mutane da yawa kafin shekara ta zagayo?

Tushen al'amarin a tarihi

Neman na kai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ne ya raya Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, kuma a nan ya rasu aka yi masa kabari. A cikin littafinsa Usulus Siyasa ya ɗora wa shugaba alhakin kula da masu sana'a irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, da tabbatar da cewa kowane gari ya samu rabonsa daga cikinsu, tare da gyara kasuwanni da hanyoyi. Haka kuma ya rubuta wani littafi na musamman, Tanbihus Sahib, kan hukunce-hukuncen neman halaliya. Wannan ya nuna cewa tun kusan shekaru 200 da suka wuce magabatanmu sun ɗauki sana'a a matsayin ginshiƙin zaman lafiyar gari.

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, shaida ce ta yadda kayan wannan ƙasa suka daɗe da shiga kasuwannin duniya. Rabah kuwa, mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta ba Arewa shugaban da ya tsaya tsayin daka wajen ganin 'yan Arewa sun shiga harkokin ciniki da masana'antu. Saboda haka abin da ake kira a yi yau ci gaba ne da gadon da muka tarar, illa dai zamani ya zo da sababbin ƙa'idoji waɗanda wajibi ne a koye su.

Dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, wato rashin ilimi da lafiya da aikin yi da ingantaccen muhalli, kuma Jihar Sakkwato ce ta zo kan gaba da sama da kashi 90 cikin 100 na jama'arta. Wannan adadi ba mai daɗin ji ba ne, amma ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Gaskiyar magana ita ce, babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar dukkan matasanta aikin albashi. Binciken 2021 da hukumar SMEDAN ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 39 a ƙasar nan, kuma su ne suke ɗauke da mafi yawan masu aikin yi.

Bugu da ƙari, abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun canza yanayin ciniki baki ɗaya. Canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har manoma suka riƙa karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, abin da ya taɓa duk mai injin ban ruwa. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tsayar da zirga-zirgar kaya ta Illela har zuwa Maris 2024. Hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, ɗan kasuwar da ba ya lissafi yana iya cinye uwar kuɗinsa yana zaton riba yake ci.

Inda ribar take

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, kuma ita ce take ciyar da shirin noman rani na tsakiyar kwarin Rima da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Wannan shiri yana cikin waɗanda aka gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. A Wurno ma akwai tsohon shirin noman rani da ya dogara da madatsar Lugu. Daga waɗannan fadamu ake samun shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa da tattasai da tumatir da kankana, sannan kasuwannin Achida da Goronyo da Gandi suna tara dabbobi da hatsi daga ko'ina a yankin.

To amma abin lura a nan shi ne, mafi yawan ribar da ke cikin waɗannan kaya ba a gona take ba, tana tsakanin gona da bakin mai ci. Manomi kan sayar da albasa a lokacin da kowa yake cire tasa, farashi yana ƙasa, wanda ya adana ta kuma ya sayar bayan wata huɗu ko biyar. Ana fitar da shinkafa shanshera daga Goronyo da Wurno, a casa ta a wani gari, a dawo mana da ita cikin buhu mai tambari mu saya da tsada. Ana kai fata ɗanya Kano, a jeme ta a can. Duk wani mataki da ke tsakanin girbi da ci, wato tsincewa da busarwa da adanawa da casa da niƙa da ƙullawa da dako, sana'a ce mai zaman kanta da za ta iya riƙe gida.

Haka nan akwai sana'o'in da noman rani da kansa yake haifarwa. Tun bayan tsadar fetur manoma da dama sun koma ga injinan ban ruwa masu amfani da iskar gas ko hasken rana, kuma waɗannan injina suna bukatar masu haɗawa da masu gyara da masu sayar da kayan gyara. Akwai haƙar rijiyar burtsatse ta fadama, da renon irin albasa da tumatir don sayarwa, da feshi, da haɗa abincin dabbobi daga dusar shinkafa da harawa da ƙaiƙayi. Mata kuma sun daɗe da riƙe sana'ar turara shinkafa, wato gumi, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da turkar tumaki, sai dai akasari a kan ƙaramin jari da ba ya girma.

Darasi na farko: a san mai saye kafin a sayi kaya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shiga sana'a don ya ga maƙwabcinsa ya samu a cikinta. Wani ya buɗe shagon cajin waya ya yi ciniki, kafin wata uku sai a wayi gari shaguna shida sun jeru a layi ɗaya suna rabon masu saye ɗaya. Kafin a kashe ko sisi, wajibi ne mai niyya ya amsa tambayoyi huɗu: wa zai sayi wannan kaya, sau nawa zai saya, a ina yake saye yanzu, kuma me zai sa ya bar can ya zo wurina? Ba sai an yi karatun boko mai zurfi ake samun amsa ba. Cin kasuwa sau uku ko huɗu da ido buɗe, da zama da dillalai da direbobin da ke lodin kaya zuwa Kudu, ya isa ya nuna wa mutum irin albasar da ake so a can, da girman buhun da ake karɓa, da watannin da kaya suke yankewa.

Darasi na biyu: a koyi sana'ar a hannun masu ita

Iyayenmu ba su taɓa sakin yaro a kasuwa da jari ba sai ya yi shekaru yana yaron shago ko yana bin ubangidansa fatauci. A nan yake koyon gane kaya mai kyau, da yadda ake taya ciniki, da wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, ya fara ne da bin ayarin fataucin goro zuwa Gwanja. Horon mako biyu da ake bayarwa a ɗakin taro yana da amfani, amma ba zai maye gurbin wata shida a gaban gwani ba. Saboda haka muke ganin ya dace duk shirin koyar da sana'a ya haɗa biyun: darasin lissafi da tsari a aji, aikin hannu kuma a shagon mai sana'a na cikin gari.

Darasi na uku: lissafi

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma a nan ne jarin mutane da yawa yake salwanta. Bari mu kawo misali da alƙaluman da muka ƙaddara don fahimtarwa kawai. A ce wani matashi ya sayi buhun albasa 20 a kan naira 30,000 kowane buhu, ya kashe naira 600,000 ke nan. Ya kashe wata naira 60,000 wajen kafa rudu da dako da buhuna da ladan mai juya ta. Jimillar abin da ya fita daga aljihunsa naira 660,000. Bayan wata huɗu farashi ya tashi zuwa naira 45,000, sai murna ta kama shi domin a ganinsa ya samu naira 15,000 a kan kowane buhu. Amma da aka zo aunawa sai aka tarar ruɓewa da tsiro da ƙanƙancewa sun cinye buhu 6, saura 14. Abin da zai karɓa naira 630,000 ne, wato ya faɗi da naira 30,000 duk da cewa farashi ya ƙaru da rabi.

Da a ce wannan matashi ya tsince albasar da kyau tun farko, ya bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, ya ware mai rauni, ya kafa rudun a inda iska take ratsawa, har asararsa ta tsaya a buhu 3, to da buhu 17 zai sayar a kan naira 765,000, ribarsa ta zama naira 105,000. Jari ɗaya, kasuwa ɗaya, farashi ɗaya, amma sani ya raba mai riba da mai faɗuwa. Haka abin yake ga mai turkar rago wanda ya saya a naira 80,000 ya sayar a naira 140,000 da Babbar Salla, yana faɗin ya ci ribar naira 60,000, alhali bai lissafa dusa da harawa da magani na naira 50,000 da suka shiga cikin ragon ba.

Maganin wannan shi ne littafi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar: shafi ɗaya na abin da ya shigo, shafi ɗaya na abin da ya fita, shafi ɗaya na masu bashi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ko ƙanensa ya riƙa rubuta masa kowane dare. Duk bankin da za a je neman rance a wurinsa, wannan littafi ne farkon abin da zai nuna cewa mai sana'ar ya san abin da yake yi.

Darasi na huɗu: a raba aljihun gida da na sana'a

A al'adarmu mai shago shi ne bankin dangi. Suna da biki da jinya da cefane duk a kan akwatin shagon suke sauka, kuma kunya kan hana a ce babu. Taimakon 'yan'uwa wajibi ne, amma daga riba ake yin sa, ba daga uwar kuɗi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mai sana'a ya yanka wa kansa albashi na mako ko na wata, daga ciki yake cefane da zumunci, abin da ya rage kuma na sana'a ne, ba a taɓa shi. Haka ma bashi: a sa masa iyaka, a rubuta shi, a sa ranar biya. Shagunan da bashin 'yan'uwa da abokai ya rufe a ƙauyukanmu sun fi waɗanda gobara ta cinye yawa. Muna kuma kira ga mazaje da su daina mayar da jarin matansu kuɗin cefane, domin wannan na daga cikin manyan dalilan da suke hana sana'o'in mata girma.

Darasi na biyar: a fara da kaɗan, a kiyaye amana

Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya fara da buhu 5 ya yi kuskure, darasi ya saya da araha. Wanda ya fara da buhu 200 na bashi ya yi kuskuren nan, gonar gado zai sayar. Haka kuma kada a zuba dukkan jari a kaya iri ɗaya, domin farashi ba shi da amana. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin shinkafa da masara ya sauko a 2025, waɗanda suka tara kaya da tsada suna jiran tashinsa kuma suka ji a jikinsu.

Amana kuwa ita ce jarin da ba a gani. Sanya manyan albasa a bakin buhu da ƙanana a ƙasa, ko jiƙa shanshera don ta yi nauyi, ko tauye mudu, riba ce ta rana ɗaya da ke kashe kasuwar shekaru. Addininmu ya yi hani mai tsanani a kan tauye ma'auni da algus, kuma a yau da ake cinikin mota guda ta wayar salula tsakanin Goronyo da Legas ba tare da an ga juna ba, sunan kirki ya fi kowane shago daraja.

Rajista da hanyoyin samun jari

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa al'amura, har mutum ɗaya yana iya yi wa kamfaninsa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta intanet. Ga ƙaramin mai sana'a, rajistar sunan kasuwanci ta wadatar, kuma ita ce take ba shi damar buɗe asusun banki da sunan sana'arsa da neman kwangila ko rance. Mai sarrafa abin ci ko sha da za a ƙulla a kai kanti yana bukatar lambar hukumar NAFDAC. Lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN kuwa sun zama tilas a kusan kowane shirin tallafi, don haka ba a fafe gora ranar tafiya.

Dangane da jari, hanya mafi aminci ita ce wadda muka gada: tanadin kai, da adashi, da ƙiradi, inda mai kuɗi zai ba mai ƙwazo jari su raba riba bisa yarjejeniya, wadda ya kamata a rubuta a gaban shaidu. Bayan wannan akwai ƙungiyoyin gama kai masu rajista, waɗanda ta hanyarsu ne shirye-shiryen Fadama suka riƙa kaiwa ga manoma tun daga shekarun 1990. Akwai Bankin Manoma da Bankin Masana'antu, da ƙananan bankuna da aka samar bayan manufar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2005. Ga masu gudun kuɗin ruwa, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank kuma a 2019. Hukumar NDE, wadda ta fara aiki a 1987, da SMEDAN da aka kafa da dokar 2003, suna bayar da horo. A matakin jiha akwai hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Hukumar Zakka da Waƙafi da ke tallafa wa mabukata da jari, sannan ga Kwalejin Aikin Gona da ke Wurno a ƙofar gida.

Sai dai wajibi ne mu ɗauki darasi daga shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. An raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasar nan, amma a Maris 2023 Babban Bankin da kansa ya bayyana cewa abin da aka biya kimanin kashi 52 ne cikin 100 na bashin da lokacin biyansa ya yi, kuma daga baya bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye. Wasu manoman ambaliya da fari ne suka karya su, wasu kayan aikin ne suka iso musu a makare, wasu kuwa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Sakamakon haka shi ne ƙofar ta rufe har ga masu gaskiya. Rance ba kyauta ba ne, kuma wanda ya ƙi biya ƙanensa ya hana samu.

Matsalolin da suka fi ƙarfin mai sana'a

Ba za mu yi wa jama'a adalci ba idan muka ɗora dukkan laifi a kan rashin lissafi. Matsalar 'yan bindiga ta yi wa tattalin arzikin gabashin Sakkwato mummunar illa. Harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ya halaka mutane fiye da 40. A watan Satumba na wannan shekarar an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, saboda aikin jami'an tsaro, abin da ya tsayar da ciniki na tsawon lokaci. Ƙauyuka da dama sun rasa dabbobinsu, waɗanda su ne asusun ajiyar mutumin karkara, wasu kuma sun sayar da jarinsu don biyan kuɗin fansa. Kafa rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Ahmed Aliyu ta yi a 2024 mataki ne na tallafa wa sojoji da 'yan sanda, amma aikin da ke gaba yana da yawa, kuma yana bukatar haɗin kan kowa, musamman wajen tona asirin masu kai wa ɓarayi labari.

Haka nan akwai ambaliya, irin wadda ta auku a Satumbar 2010 ta share gonaki da gidaje a kwarin Rima. Akwai ƙarancin wutar lantarki da ke tilasta wa masu injin casa da niƙa dogaro da man dizal. Akwai kuma rashin hanyoyi da gadoji, wanda hatsarin kwalekwalen da ya rutsa da masu zuwa cin kasuwar Goronyo a Agustan 2025 ya sake tunatar da mu muhimmancinsu. Mai kafa sana'a ba shi da ikon kawar da waɗannan, amma yana iya rage kaifinsu: kada ya tara dukkan kayansa a rumbu ɗaya, kada ya yi yawo da tsabar kuɗi masu yawa, ya kuma riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara.

Nauyin da ke kan shugabanni

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da jami'an raya al'umma, shawararmu ita ce a sake duba yadda ake gudanar da rabon kayan sana'a. Sanin kowa ne cewa keken ɗinki ko injin markaɗe da aka ba wanda bai nema ba, bai kuma koya ba, yakan koma kasuwa tun kafin manyan baƙi su isa gida. Ya kamata a zaɓi masu amfana bisa cancanta, a fifita waɗanda suka riga suka fara da ɗan abin hannunsu, a horar da su kafin a ba su, sannan a bi sawunsu bayan wata uku da wata shida da shekara. Nasarar shiri ana auna ta ne da yawan sana'o'in da suke raye bayan shekara, ba da yawan mutanen da suka taru ranar biki ba.

Haka kuma ya dace a daidaita harajin kasuwa a rage yawan masu karɓa, a ba da rasit ga duk wanda ya biya, a samar da rumfuna da ɗakunan ajiya masu iska a manyan kasuwanni, a kuma tabbatar da ma'auni ɗaya na mudu da buhu. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su ne suka san kowa, don haka su ne za su iya shaidar mai gaskiya, su kuma sasanta rikicin bashi kafin ya kai kotu. Malamai su ƙara karantar da babin ciniki a zaurukansu kamar yadda suke karantar da babin tsarki. Attajiran yankin kuwa, na gida da mazauna birane, su farfaɗo da al'adar yaye yaran shago da jari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, muna kira ga matasa da matan Wurno da Rabah da Goronyo da kada su jira sai an kira su rabon tallafi. Kowa ya dubi abin da garinsu yake fitarwa ɗanye, da abin da yake sayowa daga waje, ya zaɓi ɗaya, ya nemi gwani ya koya, ya sayi littafin lissafi, ya fara da abin da Allah Ya hore masa. Muna roƙon Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a wannan yanki, Ya sanya albarka a cikin nemanmu, amin.